Wai wanda ya buga Sega a laftof ɓarawo ne?

Wata Asabar da yamma ina ƙofar gida a kan tabarma, na ɗora laftof a kan kujera 'yar tsugunno, ni da ɗan yayata kowa ya riƙe hannu ɗaya muna fama da Contra, yaron sai mutuwa yake yana satar mini rai, sai ga wani abokina ya faka mashin. Shi edita ne, ya fi shekara goma sha biyar a harkar finafinan Hausa. Ya tsaya a kanmu yana kallon allo, can sai yace, "Mutumina ina ka samo kaset ɗin wannan a wannan zamanin?" Nace babu kaset, emuleta ce, gem ɗin kuma a intanet na sauko da shi. Sai yayi wata dariya irin ta wanda ya kama mai gadi yana haura katanga. Yace, "Ashe kai ma ɗan dawunlodin ne. Kullum kana taya mu tsine wa masu tura finafinanmu a waya, ashe halin ɗaya ne, kai dai na Japanawa kake ci."

Maganar ta tsaya mini a rai har na kwanta, don ba ƙarya yayi gaba ɗaya ba, kuma ni na tsani irin amsar nan ta ai kowa ma yana yi. Na juya ta na sake juya ta, ga inda na tsaya. Emuleta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta buga gem ɗin tsohuwar na'ura, ba kayan sata ba ce, ko kusa ko alama. Gem ɗin da ake zubawa a cikinta kuma iri biyu ne, akwai wanda mai shi yana tsaye a kasuwa yau ɗin nan yana sayar da abinsa, akwai wanda mai shi ya kulle a sito tun shekara ashirin ya jefar da makulli, ba ya sayarwa ba ya bayarwa, in kuma yaji wani ya adana sai ya ɗauko lauya. Wanda duk ya zuba biyun nan a buhu ɗaya ya rubuta sata a jiki, ni dai ban yarda yayi adalci ba.

Mu fara faɗa wa kanmu gaskiya, mu da muka taso a arewa daga shekarun 90 zuwa farkon 2000. Waye a cikinmu ya taɓa riƙe Nintendo ta asali? Kamfanin ya fitar da Famicom a Japan a 1983, ya kai ta Amurka da sunan NES a 1985, amma abin da ya iso layinmu jabu ne daga China da Taiwan, roba sakwat ba nauyi, da bindigar harbin agwagi, da kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta wai gem 9999 ne a ciki, ka kunna ka tarar bakwai ne ko takwas ake ta maimaitawa ana canza musu lamba. Mario, tanka, Contra, mai babur, mai tsallake zoben wuta a kan zaki. In kaset ya ƙi tashi a zare a hura masa iska a goga a riga a mayar, adafta kuma tayi zafi kamar dutsen guga har sai an sauke ta a kan siminti ana mata fifita. Da aka shiga zamanin PS1 da PS2 ma kanwar ja ce, duk gidan gem ɗin da na taɓa shiga na'urarsa an sa mata cif ɗin da zai sa ta karanta kwafi, faifan na kwafi ne, daga baya ma aka watsar da faifai aka koma filas. Ka biya naira goma ko ashirin a ba ku wasa ɗaya, wanda aka ci ya miƙa hannu. Wato tun ranar farko ba mu taɓa zama kwastomomin waɗannan kamfanoni ba, kuma ba ƙi muka yi ba, su ne ba su taɓa buɗe mana shago ba. Ba wanke kai nake ba, so nake a daina magana kamar emuleta ce ta kawo mana kwafi, ta zo ta tarar da mu tsundum a ciki.

Ga wanda bai san yadda abin ke aiki ba, kowace na'urar gem ƙaramar kwamfuta ce mai yarenta. Ƙwaƙwalwar NES daga zuriyar wata ce da ake kira 6502, gudunta bai kai megahaz 2 ba, ma'ajiyar aikinta kilobayit 2 kacal, kuma Super Mario Bros ɗin nan na 1985 da ya cinye mana yarinta gaba ɗayansa kilobayit 40 ne, hoto ɗaya da zaka ɗauka da wayarka ya ninka shi sau hamsin ko fiye. Laftof ɗinka ba ya jin wancan yaren. Emuleta tafinta ce, tana karanta umarnin gem ɗin ɗaya bayan ɗaya tana juya shi zuwa yaren da injinka ke ji, sannan ta kwaikwayi ɓangaren hoto da na sauti, har da 'yan kurakuransu, don wasu gem ɗin a kan kuskuren na'urar aka gina su, in ka gyara kuskuren sai gem ya lalace. Aiki ne na haƙuri ba na wasa ba. PCSX2 ta PS2 tun wajen 2002 aka fara ta kuma sai da ta ɗauki shekaru kafin ta iya tafiyar da gem yadda mutum zai ji daɗi. Dolphin ta GameCube ta fito a 2003. MAME kuma wani Ba'italiye ne, Nicola Salmoria, ya fara ta a 1997 don adana injinan gem na tsaye irin masu cin kwabo, har yau mutanenta cewa suke adana tarihin injin ne burinsu, buga wasan ƙari ne. Yawancinsu ba mai biyansu ko sisi. Ni kallon da nake musu irin wanda nake wa maƙeran Panteka ne a Kaduna, a kawo maka injin da ba kai ka ƙera ba, ka zauna ka lura da yadda yake juyawa ka ƙera wanda zai yi aikinsa. Ba wanda ya taɓa kiran wannan sata, basira ake cewa.

Kuma an je kotu a kai ai, a ƙasarsu ma ba a tamu ba. A Janairun 1999 wani kamfani mai suna Connectix ya fito da Virtual Game Station, manhajar da ke buga faifan PS1 a kwamfutar Mac, Steve Jobs da kansa ya nuna ta a taron Macworld. Sony ta kai ƙara, a shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba Connectix gaskiya, tace buɗe cikin na'ura don gane yadda take aiki a ƙera abin da zai dace da ita ba laifi ba ne. Me Sony tayi? Ta saye manhajar a 2001 ta binne ta. Wani ƙaramin kamfanin, Bleem, shi ma Sony ta ja shi kotu, ba ta kayar da shi a gaban alƙali ba amma kuɗin lauyoyi ya kayar da shi, ya rufe a ƙarshen 2001. Abin dariyar, ko na takaici, a 2018 Sony ta fito da 'yar ƙaramar PlayStation Classic mai gem 20 a ciki, da masana suka leƙa sai suka ga PCSX ReARMed ce a ciki, emuletar da 'yan sa kai suka rubuta suka bayar kyauta. Nintendo ma haka, tsarin sayar da tsofaffin gem na Virtual Console da ta fara a 2006, da NES Classic ta 2016 mai gem 30, da tsofaffin gem ɗin da take ba masu biyan kuɗin Switch Online, duk emuleta ce. Kaga kenan ba fasahar suke ƙi ba, ƙinsu ta kasance a hannun wani. Ko Apple da ta shekara da shekaru tana hanawa, a Afrilun 2024 ta buɗe wa emuleta ƙofa a shagonta na manhajoji.

Toh amma ban ce abokina ba shi da magana ba, maganarsa tana kan ROM, wato kwafin gem ɗin kansa da aka tatso daga kaset ko faifai, da kuma BIOS, 'yar manhajar cikin na'ura da ke tayar da ita, wadda wasu na'urorin kamar PS1 da PS2 ke buƙata. Waɗannan kam dukiyar masu su ce. A 2018 Nintendo ta maka wasu mata da miji masu shafin LoveROMs a kotu, aka tashi a kan sama da dala miliyan 12, tsoro ya kama EmuParadise, shafin da rabin samarin zamaninmu suka sha daga rijiyarsa, ya sauke duk gem ɗin da ke kansa a shekarar. Ta fuskar addini ma ba a bar abin sakaka ba, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Kuwait a 1988 ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa, bai halatta a keta ba. Mu ma nan akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a 2023. Don haka duk wanda yace maka wai in ka goge cikin awa 24 babu laifi, ko wai abin da ke intanet na kowa ne, tatsuniya yake maka.

Tambayata ɗaya ce, in mai kaya ya daina sayarwa fa? A 2023 wata cibiya a Amurka mai suna Video Game History Foundation tayi bincike ta gano kashi 87 cikin ɗari na gem ɗin da aka fitar a can kafin 2010 babu su a kasuwa, kashi 13 kacal zaka iya ciro kuɗi ka saya sabo ta halastacciyar hanya. A Amurka fa, inda aka fi ji da su, balle mu. Ɗauki misalin da ya fi kusa da zuciyar duk wanda ya shiga gidan gem a arewa, Winning Eleven. Wa ya manta yadda ake ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba, ko yadda ake rigima a kan wa zai ɗauki Najeriya saboda Tijjani Babangida, ɗan Kaduna, wanda in ya saki gudu a gefen dama sai dai ka bi shi da kallo? Ko Adriano a PES 6 na 2006 (PES ɗaya sunan Winning Eleven ne) da in ya ɗaga ƙafa gola sai addu'a? Yau in kana da miliyan a aljihu kaje wa Konami, kamfanin da yayi shi, kace ga kuɗi a ba ka wancan gem ɗin, babu inda zasu karɓa, sun ma canza wa jerin suna zuwa eFootball tun 2021. Kuma da wuya ya dawo, don sunayen 'yan wasa da kulob da rigunansu duk hayarsu ake na ɗan wa'adi, wa'adin ya ƙare tuntuni, ba kamfanin da zai sake biyan waɗannan kuɗaɗen don farin cikin wani magidanci a Kano. Zaka iya neman tsohon faifai a hannun wani, eh, amma ko ka samu kuɗin aljihun mai faifan zai shiga, ko kwabo ba zai isa ga waɗanda suka rubuta gem ɗin ba. To in na buga shi a PCSX2, wa na rage wa ciniki? Abin ya fi mini kama da gonar gado da magada suka bari ta zama saura, ba sa noma ba sa ba da aro, mangwaron ciki na zuba yana ruɓewa a ƙasa, sun dai sa mai gadi. Gonarsu ce, ban musa ba. Amma yaron da ya tsinci wanda ya faɗo da wanda ya shiga rumbun manomi da dare, ba suna ɗaya gare su ba a garinmu.

Wani zai ce to a jira wa'adin haƙƙin ya ƙare mana. A dokar Amurka aikin kamfani shekara 95 yake yi, wato Super Mario Bros na 1985 sai bayan 2080 zai zama na kowa. Wace na'ura ce zata kai? Kaset ɗin da ke ajiye wasa batiri ne a cikinsa kuma da yawansu sun mutu, faifai yana ciwo daga ciki ko ba a taɓa shi ba, idon PS1 kuwa tun tana sabuwa muke kifa ta a kan bayanta kafin ta yarda ta karanta, kowa ya tuna shirun nan da ake yi ana jiran tambari na biyu ya fito a allo. Ƙara da ƙurar hunturu da zafin Afrilu da wutar da ake kawowa da ƙarfi ta ƙone adafta. Segar gidanmu a haka ta tafi, wata rana aka kawo wuta sai wari kawai muka ji. Kamfanonin ma ba su da amana wajen ajiya, Nintendo ta rufe shagon intanet na 3DS da Wii U a Maris 2023, gem ɗin da a can kaɗai ake sayar da su suka bi shi, Sega kuma da take sayar da tsofaffin gem ɗin na'urarta Mega Drive a Steam, kasuwar gem ɗin kwamfuta ta intanet, cikin araha, hanyar da kowa ke yabawa, a Disambar 2024 ta janye su. In ba don waɗannan da ake kira ɓarayi sun tatsi kaset sun ajiye ba, da abubuwa da yawa sai dai a ba da labari.

Bari in ɗan kauce. Ranar da na fara buga Sonic a kwamfuta na ɗauka wani abu ne ya lalace, gudu yayi yawa, kiɗan ma kamar ana korarsa. Ashe haka yake a asali. Talabijin ɗinmu tsarin PAL ne irin na Turai, hoto 50 a daƙiƙa, Japan da Amurka kuma 60, da yawa daga gem ɗin ba a gyara su ba aka turo, don haka mu Sonic mai sanyin jiki muka sani, ya yi ƙasa da na asali da kusan kashi ɗaya cikin shida. Sai da na haura talatin na ga abin yadda masu shi suka tsara shi, kuma emuleta ce ta nuna mini. Duk da haka ba zan yi ƙarya ba, akwai abin da ba ta iya dawowa da shi. Hoton ya fi kyau a tsohuwar talabijin mai ƙeya, a sabon allo sai kaga komai kwara kwara. Ga ajiye wasa a duk inda ka ga dama, in ka mutu ka koma baya da daƙiƙa biyar, wannan ya cire tsoron da ke sa hannu zufa lokacin da rai ɗaya ya rage kuma ka san in an ɗauke wuta daga farko zaka fara. Ɗan yayata ya gama Contra a yini ɗaya da wannan dabarar yana mini kallon rago. "Kawu wai wannan ne ya gagare ku wata uku?"

Akwai kuma maganar da masu wa'azin sayen na asali ba sa son ji. Je ka buɗe asusun PlayStation yau ka nemi Najeriya a jerin ƙasashe, ba ta ciki. Duk wanda ka gani yana saye daga nan sai da yace shi mazaunin Amurka ne ko Ingila, ya ƙirƙiri adireshi, ya sayi katin kuɗi a hannun wani da riba a kai. Wato kafin ka yi abin da suke kira gaskiya sai ka fara da ƙarya. Sabon gem babba kuma dala 70 ne, wanda a canjin da muke ciki ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Tsofaffin da Nintendo ke bayarwa a Switch Online kuwa haya ce, ranar da ka daina biya an rufe maka ƙofa.

Sai dai a nan ne abokina ya kama ni da kyau, don yace wannan ita ce hujjar da 'yan dawunlodin ke ba su, wai jama'a ba kuɗi, wai sinima tayi nisa, a haka aka kashe kasuwar faifai mutane da yawa suka rasa abinci. Gaskiyarsa. Talauci ba lasisi ba ne, kuma gem ba abinci ba ne balle ace lalura. Shi yasa iyakata ba ta tsada ba ce, ta kasuwa ce, in ana sayarwa yanzu kuma mai shi na ci daga ciki, ko ka saya ko ka haƙura. Saboda haka ban zubar da hawaye sosai a kan Yuzu ba. Ita emuletar Switch ce, na'urar da ke kan ganiyarta a kasuwa a lokacin, sabon Zelda na 2023 ya ɓulla a intanet tun kafin ranar fitarsa, Nintendo tace an sauke shi fiye da sau miliyan ɗaya kafin a fara sayarwa, ga masu Yuzu na karɓar gudummawar kuɗi duk wata. A Maris 2024 suka amince su biya dala miliyan 2.4 su rufe, Ryujinx, wata emuletar Switch ɗin, ita ma ta bi sahu a Oktoba. Wannan ba adana tarihi ba ne, cin tuwo ne tun yana kan wuta. Abin da ya ƙona mini rai shi ne Citra, emuletar 3DS, da ta tafi a guguwar saboda hannu ɗaya ne ke riƙe da ita da Yuzu, alhali shekara guda kenan da Nintendo ta rufe shagon 3DS ɗin da hannunta. Masu haɗama suka jawo wa masu adanawa.

Mu ma nan gida muna da namu halin. Zaga unguwa da yamma zakaga yara sun haɗa kai a kan waya suna buga ƙwallo, ka tambaya suce PPSSPP ce, da yawansu ba su ma san cewa akwai wata na'ura PSP da Sony ta fitar a 2004 ba, sun ɗauka sunan gem ɗin kenan. Wani ɗan Suwidin, Henrik Rydgård, ya fito da ita a 2012 kyauta, ya kuma yi wata mai launin zinare ta kuɗi don wanda ke son ya tallafa masa, aikinsu ɗaya. Me muke yi? Ita ta tallafin muke nema a sace. Mutum ya ba ka kyauta, ya ajiye ƙoƙo a gefe yace in ka ga dama, kai kuma ka ɗauke ƙoƙon. Ga masu tura wa yara manhajar bogi cike da talla da ƙwayar cuta su karɓi kuɗi, ga masu zagin waɗanda ke rubuta emuletar don gem ya tsaya musu a wayar da ko hoto da ƙyar take ɗauka. Mai AetherSX2, wadda ta sa PS2 ta tashi a wayar Android, a farkon 2023 ya ajiye aikin yace ya gaji da ƙorafi da barazana da masu amfani da sunansa suna damfara. Irin wannan ya fi dacewa da sunan da abokina ya kira ni da shi.

Abin da nake so in gani ba mai wuya ba ne. Kamfanin da ke son kuɗinmu a kan tsohon gem ya sayar da shi a farashin tsohon kaya, a ba ka fayil ɗin ka ajiye, kuma a karɓi kuɗi daga inda muke, kamar yadda GOG na ƙasar Poland ke yi da tsofaffin gem ɗin kwamfuta tun 2008, kuma bai talauce ba. Wanda kuma ya ƙi sayarwa shekara da shekaru, doka ta ba ɗakunan karatu da na adana tarihi dama su ajiye su kuma ba mai bincike ya duba. An nemi kwatankwacin haka a Amurka, a bar ɗakunan karatu su ba masu bincike damar duba tsofaffin gem daga nesa, ofishin haƙƙin mallaka ya ƙi a Oktoban 2024, bayan ƙungiyar kamfanonin gem ta tsaya kai da fata wai mutane zasu riƙa bugawa don nishaɗi. Sai kace littafin da ake ara a laburare ba a karanta shi don nishaɗi.

Da muka sake haɗuwa na zayyana wa abokina duk wannan, bai yarda ba, yace na naɗa kaina alƙali a shari'ar da nake da hannu a ciki, kuma kowane ɓarawo yana da tsarin da ya fitar da kansa daga ɓarayi. Ban iya musa masa ba. Sai kawai na tambaye shi fim na farko da ya taɓa aiki a kai, tun zamanin kaset ɗin bidiyo, ina kwafinsa yake? Yayi shiru, yace kamfanin ya watse, mai gidan nasu ya rasu, ba wanda ya san inda uwar kaset ɗin take, rabonsa da ganin fim ɗin sai bara da wani ya tura masa a YouTube, wani da bai sani ba ya ɗora, hoton duk yayi dishi dishi ga layi na yawo a ƙasa. Nace ka sa an sauke shi? Yace a'a, saukewa yayi a wayarsa ya nuna wa 'ya'yansa sunansa a ƙarshe. Daga nan ya karɓi hannu muka buga Winning Eleven, ya riga ni ɗaukar Najeriya, ya ci ni biyu da ɗaya duk ta gefen Babangida. Da zai tafi yace akwai wani kwali a ɗakin Hajiyarsu cike da kaset na ayyukansu na farko, in zo mu duba ko za a iya juya su a kwamfuta. Mun je ranar Lahadi, na saman sun yi fumfuna fari fat, gara ta ci gindin kwalin, guda goma sha ɗaya ne muka ware da alamar zasu tashi. Yanzu sati uku kenan muna neman bidiyo mai kaset da kansa ke aiki, wani mai gyaran rediyo yace akwai ɗaya a wajensa amma sai ya samo bel.